Bashin Dala, Albashin Naira: Wa Ya Kamata Ya Biya Kuɗin Digirin MBA?

A cikin dukkan digirorin da jami'o'i ke bayarwa, babu wanda ake tallarsa da harshen kasuwa kamar digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA. Mai neman digiri na biyu a Hausa ko Tarihi ana ce masa zai zurfafa ilimi. Mai neman MBA kuwa ce masa ake yi zai zuba jari a kansa, kuma jarin zai dawo da riba. Abin mamaki shi ne, cikin darussan farko da ake koyarwa a wannan aji akwai yadda ake auna jari kafin a zuba shi: nawa za a kashe, yaushe uwar kuɗi za ta dawo, wace asara ce ke iya gittawa. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ajin ba su yi wa digirin kansa wannan awo ba kafin su sayar da fili ko su sa hannu a takardar rance. Sai sun biya kuɗin zango na farko ake koya musu lissafin da ya kamata su yi kafin su biya.

Digirin ɗan Amurka ne. Jami'ar Harvard ce ta fara bayar da shi da wannan suna a 1908, a zamanin da manyan kamfanonin jiragen ƙasa da na ƙarafa suka girma har suka fi ƙarfin mai su shi kaɗai, suka buƙaci manajoji 'yan albashi. Tun daga asalinsa, an gina shi ne a kan zaton cewa akwai manyan kamfanoni masu jiran wanda ya kammala, kuma za su biya shi albashin da zai goge abin da ya kashe. Shi ya sa a yau shekara biyu a ɗaya daga cikin fitattun makarantun kasuwanci na Amurka, idan aka haɗa kuɗin makaranta da masauki da abinci da inshorar lafiya, kan haura dala 200,000, amma duk da haka masu nema suna tururuwa. Ɗalibin Amurka ya ci bashi da dala, zai karɓi albashi da dala, kuma ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya yi aiki a ƙasarsa. Lissafinsa yana iya tashi. Ko a can ɗin ma gwamnati ta fara ɗaure bakin jaka, domin dokar da aka sanya wa hannu a watan Yuli na 2025 ta soke shirin rancen Grad PLUS ga sababbin masu nema daga tsakiyar 2026, shirin da a da yake ba ɗalibin digiri na biyu damar rantar duk abin da makaranta ta ce karatun zai ci.

Ɗalibin Nijeriya da ya ɗauki wannan hanya yana da matsalar da takwaransa na Amurka ba shi da ita, kuma shekarar 2023 ta fito da ita fili. A farkon wannan shekara ana canjin dala ɗaya a farashin gwamnati a kan kimanin naira 460. A watan Yuni Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 kuma dala ta haura naira 1,500. A ɗauka, alal misali, wani ma'aikacin banki ya ranci dala 50,000 a farkon 2023 don ya yi MBA ta shekara ɗaya a waje. Ranar da ya sa hannu, bashin da ke wuyansa naira miliyan 23 ne. Bayan shekara guda, ba tare da ya ƙara rantar ko sisi ba, kuma ba a lissafa kuɗin ruwa ba, bashin ya zama naira miliyan 75. Ko da ya dawo gida ya yi sa'ar samun aikin naira miliyan ɗaya a wata, wanda ba kowa ke samu ba a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, sai ya yi wata 75 yana miƙa albashin ɗungurungum, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya uwar kuɗin kaɗai. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Bahaushe, ya yi dubu bai fito ba.

Abin bai tsaya a takarda ba. A watan Mayun 2024 kafafen yaɗa labarai na Birtaniya suka kawo labarin wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu, aka kai sunayensu ga hukumar shige da fice, aka umarce su da barin ƙasar, saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Ba almubazzaranci suka yi ba. Ajiyar da suka nuna lokacin neman biza ce ta narke a asusunsu na naira. Bayan kowane ɗayansu kuma akwai gida guda da ya yi karo-karo, wata uwa ta sayar da gwal, wani uba ya jinginar da gida.

Masu kare wannan hanya suna da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi. Suna cewa wanda ya ci bashin dala ba gida zai dawo ba, zai tsaya can ya yi aiki ya biya da kuɗin can. A kan wannan zato ne kamfanoni irin su Prodigy Finance da MPOWER Financing suke ba ɗaliban ƙasashen waje rance ba tare da jingina ba, suna duba makarantar da mutum ya samu da albashin da ake sa ran zai samu. Sai dai wannan amsa tana nufin an ɗora biyan bashin a kan biza, ita kuwa biza tana hannun 'yan siyasar wata ƙasa. Birtaniya ta buɗe damar zama shekara biyu bayan kammala karatu a 2021, ɗaliban Nijeriya suka kwarara. A Janairun 2024 ta hana masu digiri na biyu na kwas zuwa da iyalansu. A 2025 ta bayyana cewa za ta rage shekara biyun zuwa wata 18. A Amurka, bizar ƙwararru ta H-1B doka ta ƙayyade ta a 85,000 a shekara, masu nema kuma sun ninka haka. Duk malamin makarantar kasuwanci da ɗalibi ya kawo masa tsarin sana'ar da nasararta ta rataya a kan abin da mai sana'ar ba shi da iko da shi, kuma ana iya sauya shi cikin dare ɗaya, zai mayar masa da takardarsa ya sake. To amma a kan irin wannan tsari ne ake ɗibar ɗaliban. Sannan ko lissafin ya tashi, abin da ya faru shi ne dukiyar wani gida a Kano ko Ilorin ta horar wa wani kamfani a Landan ma'aikaci.

Harshen Hausa yana da rabe-raben da ke haska wannan batu. Aro shi ne karɓar abu a mayar da shi kansa, kamar tabarma ko tsani. Rance shi ne karɓar kuɗi ko hatsi a mayar da kwatankwacinsa. Jingina kuwa ita ce abin da mai karɓa ke ajiyewa a hannun mai bayarwa, gona ko gida, domin in biya ya gagara a sami abin kamawa. Wanda ya ranci kuɗi ya sayi mota, in kasuwa ta juya masa baya yana iya sayar da motar ya rage bashi. Wanda ya ranci kuɗi ya sayi digiri ba shi da abin sayarwa, domin takardar shaida ba ta da kasuwar gwanjo. Saboda haka abin da ya jinginar a zahiri shi ne shekarunsa masu zuwa: inda zai zauna, aikin da zai karɓa, lokacin da zai yi aure, da ko zai iya barin aikin albashi ya kafa nasa. Nan ne abin ya fi ciwo, domin da yawa daga masu shiga MBA da burin kafa kamfani suke shiga, bashin kuma shi ne abu na farko da ke hana su taɓa wannan buri.

Akwai kuma batun kuɗin ruwa, wanda ga ɗimbin ɗaliban Arewa ya wuce batun tsada. A rubutun boko kalma ɗaya ce, riba, ke ɗauke da ma'anar ribar ciniki da kuma ribar da shari'a ta haramta. Tsawon wasali da karin sauti ne kawai ke raba su a baki. Ɗalibin da ya je neman ta farko sai ya tarar ba a shiga sai ta ƙofar ta biyu. A gida ma, tun da Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, rancen bankunan kasuwanci ya zama abin da ko mai sayar da kaya yana juya kuɗi kullum sai ya yi da gaske, balle wanda zai zauna a aji. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, suna da hanyar fiƙihu ta ijara, inda banki zai sayi hidimar karatun daga makaranta ya sayar wa ɗalibi a kan farashin da aka yanke, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wannan ya warware matsalar halasci, kuma yana da fa'idar cewa mutum ya san iyakar abin da ke kansa tun ranar farko. Bai warware matsalar nauyi ba. Bashi ne dai, kuma ranar biya tana zuwa.

MBA ta gida ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da naira ake biyan ta. Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda aka kafa a 1991, ta yi suna har a wajen ƙasa, kuɗinta ma ya yi suna. Jami'ar Ahmadu Bello tana bayar da digirin har ta hanyar karatu daga nesa. A Jami'ar Bayero, Gidauniyar Dangote ta gina makarantar kasuwanci da aka buɗe a 2018 a kan naira biliyan 1.2. Yawancin waɗannan shirye-shirye na yamma ne ko na ƙarshen mako, don haka ɗalibi ba ya ajiye aikinsa, wato ya tsira daga asarar da ta fi kuɗin makaranta girma a wasu lokuta, albashin shekara ɗaya ko biyu da mai karatun cikakken lokaci ke bari. Duk da haka akwai abin da ya kamata a faɗa ko da bai yi wa jami'o'i daɗi ba. Kwasa-kwasan ƙwararru irin wannan suna cikin manyan hanyoyin da jami'o'in gwamnati ke samun kuɗin shiga na kansu, tunda abin da ke zuwa daga baitulmali ba ya isa. Inda kwas ya zama saniyar tatsa, sha'awar cika aji takan rinjayi tantance wanda ya dace da shi. Sai a tarar da wanda ya gama hidimar ƙasa jiya, bai taɓa riƙe ko kantin unguwa ba, yana zaune a ajin da aka tsara don masu gogewar aiki su yi musayar abin da suka gani. Ya shiga ne domin aiki ya ƙi samuwa, aka ce masa ƙarin takarda zai taimaka. Wani kuma sai ya gama yake jin cewa a jami'o'i da dama MBA digirin ƙwararru ce, ba ta kai mutum kai tsaye ga digiri na uku ko aikin koyarwa. Wannan bayani ne da ya kamata a rubuta shi da manyan haruffa a kan fom.

To wa ya kamata ya biya? Gwamnati dai ita ce ta ƙarshe a layi. Asusun rancen ɗalibai na NELFUND, wanda dokar 2024 ta tsayar, an fara shi ne da ɗaliban manyan makarantun gwamnati masu neman shaidar farko, babu kuɗin ruwa, kuma biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Lokaci-lokaci akan ji kiran a faɗaɗa irin wannan tallafi ya haɗa da kowane irin karatu na gaba da digiri. In ana maganar likitan da zai ƙware a tiyatar yara, ko malamin da zai yi bincike a kan irin shuka, kiran yana da hujja, domin amfanin karatunsu na jama'a ne kuma kasuwa ba ta biyansu daidai da shi. MBA kuwa, bisa da'awar masu tallarta da kansu, ribarta aljihun mai ita da kamfaninsa take shiga. A ƙasar da miliyoyin yara ba su taɓa shiga aji ɗaya na firamare ba, mafi yawansu kuma a Arewa, babu adalci a ɗebi harajin mai sayar da tumatir a ƙara wa manajan banki albashi.

Amsar da ta fi dacewa tana nan a kasuwannin ƙasar Hausa tun kafin a san wani abu wai shi Harvard. Masu nazarin tarihin fatauci, irin su Mahdi Adamu da Paul Lovejoy a kan cinikin goro tsakanin Kano da Gwanja, da Abner Cohen a kan Sabon Ibadan, sun yi bayanin tsarin maigida da yaransa. Har gobe tsarin yana raye a Kantin Kwari da Singa da Kurmi. Yaro yakan zauna a shagon maigida shekaru, ya fara da shara da ɗauko kaya, ya kai ga sanin farashi da halin abokan ciniki, da wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, har a riƙa aikensa Legas ko Dubai ko Gwanzu da kuɗi masu nauyi. Ci da sha da sutura, wani lokaci har aure, suna wuyan maigida. Ranar da aka yaye shi kuma, a sallame shi da jari, ko a buɗe masa shago, ko a riƙa ba shi kaya in ya sayar ya kawo kuɗi. 'Yan kabilar Ibo ma suna da makamancin wannan. Abin lura shi ne yadda aka raba nauyi. Wanda ke cin moriyar aikin mai koyo shi ke ɗaukar kuɗin koyon, mai koyo kuma yana fita da jari a hannu, inda mai MBA ke fita da bashi a wuya. Aliko Dangote kansa, wanda sunansa ke jikin makarantar kasuwanci ta Bayero, jarin da ya fara da shi a ƙarshen shekarun 1970 rance ne daga dangin mahaifiyarsa, zuriyar Alhassan Ɗantata. Rancen jari ne, a cikin gida, daga waɗanda suka san shi kuma suka san kasuwar.

Ba a ce tsarin maigida ba shi da aibu ba. Babu rubutacciyar yarjejeniya, saboda haka yaro yana iya yin shekara goma a kore shi da tuhumar da ba a tabbatar ba, gab da lokacin sallama. Mata kusan ba su da gurbi a cikinsa. Mafi muni, dukiyar da aka tara ta wannan hanya sau da yawa ba ta wuce mai ita. Attajiri ya rasu, lissafin duk yana kansa, ba a san bashin da yake bi ba balle wanda ake bin sa, kuɗin shago da na cefane aljihu ɗaya, a raba gado, kafin shekara biyar shagunan sun koma hannun wasu. Kano cike take da sunayen gidajen da aka yi haka da su. A daidai wannan gurbi ne ilimin da ke cikin MBA yake da amfani na haƙiƙa: ajiye lissafi a rubuce, raba dukiyar kamfani da ta mai kamfani, mayar da kasuwanci hannun jari ta yadda magada za su gaji kaso ba tare da an wargaza shagon ba, da tsara wanda zai riƙe ragama bayan maigida. Kuma wannan ya nuna wanda ya kamata ya biya. Gidan kasuwancin da zai amfana shi ya kamata ya tura ɗansa ko 'yarsa ko amintaccen yaronsa, bayan ya yi shekaru a shago ya san inda ke yoyo, ya kuma rubuta kuɗin a matsayin kuɗin gudanar da kasuwa, kamar yadda yake rubuta hayar sito. Attajirin da ke iya biyan kuɗin kwantena ba tare da ya girgiza ba, kuɗin MBA ta ƙarshen mako a Zariya ko Kano ba zai gagare shi ba.

Haka abin yake ga bankuna da kamfanonin sadarwa da masana'antu. Ƙa'idar cewa mai ɗaukar ma'aikata shi ke da alhakin horar da su ba baƙuwa ba ce a dokar Nijeriya. Tun 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, inda kamfanonin da dokar ta shafa ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara, kuma suna iya neman a mayar musu da wani kaso idan sun nuna sun horar da mutanensu. Kamfanin da ya ce ba zai ɗaga ma'aikaci zuwa kujerar manaja ba sai da MBA, amma ya bar shi ya nemo kuɗin da kansa, ya ɗora wa ma'aikacin kuɗin horon da kamfanin ne zai ci gajiyarsa. Tsoron da kamfanoni ke yi, kada a kashe wa mutum kuɗi ya gudu, yana da magani sananne, wato yarjejeniyar cewa zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru ko ya mayar da abin da aka kashe. Sharaɗin kawai shi ne shekarun su yi daidai da kuɗin, kada yarjejeniyar ta zama igiyar ɗaure mutum. Akwai ma wata fa'ida a ɓoye. Idan ma'aikaci ya nemi kamfaninsa ya biya ko da rabi, kamfanin ya ƙi, to ya sami labari kyauta game da darajar da digirin zai yi a wurin da yake aiki.

Wanda ba shi da maigida, ba shi da kamfanin da zai tsaya masa, kuma bai sami gurbin tallafi ba (su ma guraben ba su da yawa a wannan fanni, har shirin Chevening na Birtaniya yana da iyakar abin da yake biya wa mai MBA, sauran ya cika da kansa), sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ya tara daga albashinsa, ko ta adashi ko ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, ya yi karatun a gida yana aiki, ya biya zango-zango da kuɗin da yake samun albashi da shi. Ya kuma ajiye kuɗin a gefe ɗaya, shagon da za su iya buɗewa a ɗaya gefen, ya duba da idon basira wanne ya fi.

Sai dai ba zai iya wannan awo ba in babu ma'auni, kuma a nan ne jami'o'i ke da bashin da ba su biya ba. Manyan makarantun kasuwanci na Amurka da Turai suna wallafa rahoto duk shekara: kashi nawa na ɗalibansu suka sami aiki cikin wata uku da kammalawa, a wane fanni, a kan wane matsakaicin albashi. Ana iya sukar yadda ake ƙawata waɗannan alƙaluma, amma dai akwai abin da mai nema zai riƙe ya yi tambaya. A nan gida abin da aka fi nuna masa shi ne hoton gini da jerin kwasa-kwasai da lambar asusun da zai biya. Makarantar da ke koyar da binciken kasuwa ba za ta rasa yadda za ta bi sawun ɗalibanta na shekara biyar da suka wuce ba, ta tambaye su inda suke, ko an ƙara musu girma, ko sun kafa wani abu, da ko sun gama biyan abin da suka ranta. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda ke tantance waɗannan shirye-shirye, tana da ikon sanya wallafa irin wannan rahoto cikin sharuɗɗan tantancewa, a kuma liƙa shi a shafin da ake sayar da fom.